Ƙaron Zubi a Gaban Wutar Kilobolt 11 da 33: Wanne Ya Dace da Ginin Kaduna?

A watan Maris ɗin da ya wuce, wani dattijo da ke gina asibiti mai hawa uku a Barnawa ya ajiye mini takardun farashi guda uku a kan tebur, dukkansu na taransifoma mai ƙarfin kVA 1000 (kVA shi ne ma'aunin lodin da za ta iya ɗauka) wadda za ta ɗauki wuta daga layin kilobolt 11. Ɗaya irin wadda kowa ya saba gani ce a bakin titi, tanki cike da mai. Sauran biyun kuwa busassu ne, wato waɗanda aka zuba wa naɗin wayarsu ƙaro, aka gasa shi har ya daskare ya koma kamar dutse. A cikin busassun, takardar ɗaya ta ce ajin F, ta ɗayar ta ce ajin H, kuma mai H ɗin ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ya ce da ni, "Injiniya, dillalin ya ce H tana jure zafin digiri 180, F kuwa 155 ne iyakarta. Da irin bazarar da muke sha a garin nan, ai ina ganin magana ta ƙare." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, dillalin bai yi ƙarya ba, sai dai labarin zafi kawai ya ba ka, bai ce uffan ba a kan yadda ƙaron zai tsaya a gaban babbar wuta shekara da shekaru." Wannan zaɓi ba nasa ba ne shi kaɗai, domin masu otal, masu manyan shaguna, da masu masana'antu a Kakuri da Kudenda duk da shi suke cin karo idan gini ya kai matakin jan wuta.

Ƙaron da ake magana a kansa sunansa efoksi, kuma dangin gam ɗin nan ne na Araldite da makanikai ke gauraya kashi biyu su liƙe abin da ya tsage, wanda kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fito da shi kasuwa a 1946. Na aikin babbar wuta ba a zuba shi zalla. Ana haɗa shi da sinadarin daskarwa, a cika shi da garin silika, wato niƙaƙƙen farin dutse, har garin ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin haɗin ko ya ɗara, wasu masu ƙerawa kuma suna ƙarfafa shi da zaren gilashi. Sai a jera naɗin wayar a cikin mazubi, a shigar da shi tukunyar da aka zuƙe iskarta, a kwarara ƙaron, sannan a gasa na awanni masu yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam a Panteka ya san cewa kyan zubi ba a fuska yake ba: tukunya tana iya fitowa sumul tana ƙyalli, alhali akwai ƙwayar iska a cikin namanta wadda sai an ɗora ta a murhu za ta tona asiri. Zubin naɗin taransifoma haka yake, sai dai ƙwayar da ke yin ɓarna a nan ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta, kuma babu idon da zai gan ta.

Harafin nan na F ko H da ke kan farantin bayanin da ke jikin taransifoma daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60085 ya fito, wadda ta kasa kayan kariyar lantarki aji-aji bisa zafin da za su iya zama a cikinsa: A digiri 105, E 120, B 130, F 155, H 180. Takardar kariyar waya da ke jiƙe a cikin man taransifomar gargajiya tana ajin A ne. Abin da ba kasafai dillalai ke faɗa ba shi ne yadda ake samo irin wannan lamba tun asali. Ana gasa samfurin kayan a tanda a matakan zafi daban-daban har ingancinsa ya zube zuwa wani mizani da aka ƙayyade, sannan a lissafo zafin da zai kai shi ga wannan lalacewa a cikin awa 20,000, wanda idan aka raba shi ya zama shekara biyu da wata uku da 'yan kwanaki. Ke nan lambar ba alkawari ba ce cewa naɗin zai shekara ashirin da biyar yana zaune a digiri 180 lafiya lau. Tsohuwar ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ta ce duk ƙarin digiri 6 zuwa 10 a kan zafin aiki yana rage rayuwar kariyar da rabi, kuma wannan hukunci bai bar F ba, bai bar H ba. Bayan haka, gashin tanda tsufan zafi yake aunawa, ba cin da wuta ke yi wa ƙaro daga ciki ba.

Akwai lamba ta biyu a kan farantin wadda ta fi harafin amfani, ita ce iyakar hawan zafi. Ƙa'idar busassun taransifomomi, IEC 60076-11, ta yarda naɗi mai ajin F ya ɗara iskar da ke kewaye da shi da digiri 100, mai ajin H kuma da digiri 125, bisa zaton cewa iskar ba za ta wuce digiri 40 ba, matsakaicinta na shekara kuma 20 ne. Matsakaicin Kaduna ya kusa 25, saboda haka tun kafin a kunna wuta mun riga mun ci wani ɓangare na rarar. Tudunmu dai bai jawo mana ragi ba, tunda garin yana kusan mita 600 ne daga doron teku, ƙa'idar kuwa sai an wuce mita 1000 take neman a rage lodi. Inda gizo ke saƙar shi ne, tunda an yarje wa mai ƙera H na'urarsa ta yi zafi fiye da F, yana iya rage kaurin waya ya samu sauƙin kuɗi, sai mai saye ya tarar da na'urar da ke aiki a matsakaicin digiri 165 a ranar zafi maimakon 140, tana kuma ƙona wutar da zai biya kuɗinta, domin turjiyar waya tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10. Rarar gaske tana samuwa ne idan an yi kariyar da kayan H amma aka taƙaita hawan zafin a 100, ko kayan F aka taƙaita shi a 80. Idan takarda ta ce H da hawan 125, to babu rarar da aka saya.

Daga nan sai batun da ya fi ba masu haɗa ƙaro wahala. Kowane efoksi yana da wani matakin zafi inda yake fita daga taurin gilashi ya fara saki kamar roba mai tauri, injiniyoyi suna rubuta shi da alamar Tg, ni kuma zan kira shi zafin saki. Ba narkewa yake yi ba, domin efoksin da ya daskare ba ya komawa ruwa, amma halinsa na tare wuta yana sauyawa sosai: turjiyarsa tana faɗuwa, ɓarnar wutar da ke zama zafi a cikin namansa tana hawa, kumburinsa kuma yana ninkawa. A yawancin ƙaron zubi na gama-gari, zafin saki yana tsakanin digiri 100 da 130 ne, wato ƙasa da lambar ajin da aka rubuta, kuma wannan ba ha'inci ba ne, abubuwa biyu ne daban ake aunawa. Ana iya ɗaga zafin sakin zuwa 150 ko fiye ta hanyar sauya sinadarai yadda ƙwayoyin ƙaron za su sarƙe da juna sosai, kuma irin wannan ƙaro yana riƙe ingancinsa na tare wuta a cikin zafi fiye da na gama-gari. Sai dai abin da ya samu a tauri yakan rasa shi a juriya. Ƙaron da ya sarƙe sosai yana da gautsi, kuma tun daga ranar da ya huce a masana'anta yake ɗauke da matsin da ya rage a cikinsa, domin ya daskare ne a zafi mai yawa sannan ya tsuke a kan ƙarfen da bai tsuke daidai da shi ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki tsayin mita ɗaya a ƙara masa zafi da digiri 100: jan ƙarfe zai miƙe da milimita 1.7, alminiyam da 2.3, efoksi mai garin silika da kusan 3 zuwa 3.5, efoksi zalla kuwa da kusan 6. Wannan ne ya sa ake cusa garin dutse, baya ga cewa yana ninka yadda ƙaron ke fitar da zafi kusan sau huɗu, kuma wannan ne ya sa masu ƙerawa da yawa suka fi son falle-fallen alminiyam a cikin naɗin zubi. Mutanenmu sukan ɗauki alminiyam a matsayin kayan araha, kuma a wayarin ɗin gida suna da hujja, amma a cikin ƙaron zubi miƙewarsa ta fi ta jan ƙarfe kusa da ta ƙaron, saboda haka ja-in-jar da ke tsakaninsu ta fi sauƙi. Wannan batu ya fi shafar mu fiye da ƙasashen da aka ƙera na'urorin. A can taransifoma tana iya shekara ba ta huce ba. A nan tana iya yin zafi ta huce sau biyu ko uku a yini saboda ɗaukewar wuta, kuma duk dawowar wuta tana zuwa da fizgar farko mai girgiza naɗi. Kowane zagaye yana jan mahaɗar ƙaro da ƙarfe, kuma ƙaro mai gautsi shi ke fara tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren a nan kuwa shi ne ɓoyayyen tartsatsi.

Takardar bayanin kowane efoksi takan nuna cewa yana tare wajen kilobolt 18 zuwa 20 a kowace milimita. Wanda bai sani ba zai ce ashe milimita ɗaya ta ishi layin 11. Wannan lamba ta siririn samfuri ce da aka gwada na ɗan lokaci a ɗakin gwaji, amma masu zana naɗi ba sa barin ƙaro ya ɗauki fiye da 'yan kilobolt kaɗan a milimita a aikin yau da kullum, kuma dalilinsu shi ne ƙwayar iska. Iska tana da rauni ƙwarai idan aka kwatanta da ƙaro, a tazara mai faɗi kilobolt 3 a milimita ya isa ya keta ta. Abin takaicin shi ne, saboda bambancin halin iska da na efoksi, matsin wutar da ke faɗawa a kan ƙwayar iska ya fi wanda ke kan ƙaron da ke kewaye da ita, kuma idan ƙwayar shimfiɗaɗɗiya ce, irin wadda ke samuwa inda ƙaro ya ɓantare daga jikin waya, matsin yana iya kusan ninkawa huɗu. Mai rauni ne aka ɗora wa kaya mafi nauyi. Sai iskar ta riƙa fashewa da ƙaramin tartsatsi a cikin ramin, ba tare da wutar ta tsallake daga waya zuwa waya ba, saboda haka bireka ba ta gani, mita ba ta gani. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tartsatsin kuma yana iya tashi a kowane rabin juyi, wato sau 100 a daƙiƙa, fiye da sau miliyan 8 a kwana guda. Kowane ɗaya yana ɗan ƙona bangon ramin, har wata rana siraran hanyoyi su fara ratsa ƙaron suna rassa kamar saiwar bishiya, kuma ranar da saiwar ta isa ɗaya gefen ita ce ranar da naɗin zai buga. Yana iya ɗaukar wata shida, yana iya ɗaukar shekara shida, kuma a duk tsawon lokacin ma'aunin zafi yana nuna komai lafiya.

Shi ya sa gwajin da na fi dubawa a takardun masana'anta shi ne na ɓoyayyen tartsatsi. Bisa IEC 60076-11, ana ɗaga wuta zuwa ninki 1.8 na ƙarfin aikin na'urar na daƙiƙa 30 domin a tsokano duk wani rami da ke kwance, sannan a sauko zuwa ninki 1.3 na minti 3 a auna, kuma abin da aka gani kada ya wuce fikokulom 10, wato ma'aunin girman tartsatsin. Gwaji ne da ake yi wa kowace taransifoma ɗaya bayan ɗaya kafin ta bar masana'anta, ba samfuri ɗaya a madadin dubu ba, saboda haka takardarsa dole ta zo da lambar jikin na'urar da za a sauke a harabar mai saye. Na'urar ajin F da ta tsallake wannan gwaji da shaida ta fi mini na'urar ajin H da ba ta da shi, komai kyan fentinta. Ba ina cewa H yaudara ba ce. Inda lodi ke da nauyi dare da rana, kamar masana'antar narka ƙarfe ko ta roba, ko inda injuna masu sarrafa gudun mota ke gurɓata wuta suna ƙara wa naɗi zafi, ko ɗakin da babu yadda za a faɗaɗa shi, ƙaron H na kirki daga masana'antar da ta iya zubi yana biyan kuɗinsa. Amma asibiti ko otal da lodinsa ke hawa da sauka, wanda da wuya ya zauna a kan cikakken ƙarfin na'urar, bai cika buƙatarsa ba.

Duk wannan labarin cikin ƙaro ne. Fuskarsa kuma tana da nata abokan gaba, kuma a nan yanayin Kaduna yake nuna halinsa, domin muna da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, muna kuma da laimar marka a Agusta. Ƙura busasshiya ba ta cika ɗaukar wuta ba, illarta ita ce toshe hanyoyin iska. Amma idan ta kwanta a fuskar naɗi ta sha raɓa, sai ta zama siririn laka mai ɗaukar wuta. Na taɓa shiga ɗakin taransifomar wani otal a tsakiyar Agusta, bayan an kwana uku babu wuta sannan aka dawo da ita da asuba. Tun daga bakin ƙofa ake jin wari mai kaifi irin na wurin walda, da wata 'yar ƙara kamar ana soya ƙwai a maƙwabta. Da aka kashe wuta aka ɗaure layin da ƙasa muka matsa da tocila, sai ga jar ƙura ta yi ɓawo a kafaɗar naɗin tsakiya, da wani baƙin layi mai rassa, tsawon ɗan yatsa, ya taso daga inda kebul ke shiga, kamar yaro ya zana da gawayi. Gawayin ne kuwa. Efoksi na gama-gari, wanda ake yi da sinadarin bisfenol-A, idan tartsatsi ya lashe fuskarsa yakan bar sawun gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar wuta, saboda haka sawun yana ƙara tsawo da kansa. Na'urar ta huce ne a kwanakin da babu wuta, ta yi gumi kamar randa, aka kuma maka mata kilobolt 11 ba tare da an busar da ita ba.

Maganin wannan kashi biyu ne, ɗaya a wajen saye, ɗaya a wajen kulawa. Ƙa'idar IEC 60076-11 ta ware ajin muhalli, daga E0 na wuri mai tsabta marar laima, zuwa E2 na inda raɓa ke yawan sauka ko datti ya yi yawa, bugun 2018 ma ya ƙara azuzuwan da suka fi haka tsanani. A Kaduna ban ga dalilin karɓar ƙasa da E2 ba. Akwai kuma ajin gobara, inda F1 ke nufin ƙaron yana kashe kansa idan aka janye wuta kuma hayaƙinsa kaɗan ne. Kada a rikita wannan F1 da ajin zafi na F, na sha ganin an yi hakan a takardun kwangila. Ajin sanyi na C2, wanda ake gwadawa a digiri 25 ƙasa da sifiri, mutum zai ce ina ruwan Kaduna da shi, amma gwajin ya ƙunshi dumama naɗi farat ɗaya daga tsananin sanyi, saboda haka shaida ce a kan juriyar tsagewa, abin da muke nema ke nan. A wajen kulawa kuwa, sai an share naɗin da injin zuƙar ƙura da busasshiyar iska a ƙarshen hunturu kafin ruwan farko, a sa 'yar hita a ɗakin wadda janareta zai riƙa kunnawa idan babu wuta, a kuma auna turjiyar kariya kafin a mayar da wuta bayan doguwar ɗaukewa. Wajibi ne kuma ma'aikata su san cewa fuskar ƙaron ba abin taɓawa ba ce idan akwai wuta, ko da ta yi kama da roba. Taɓa ta daidai yake da taɓa waya tsirara, shi ya sa ake kewaye ta da keji.

Idan kayan a waje za su zauna, kamar ƙananan taransifomomin awo da ke ciyar da mita a layin 11 ko 33, ko insuleta, wato abin da ke riƙe waya ya hana wuta bi ta jikin fal, ko kan bireka na saman fal, to efoksin bisfenol-A ya fita daga lissafi, domin rana tana cin fuskarsa har ta yi gari-gari ta riƙa riƙe datti. Na waje shi ne efoksi mai suna saikulo-alifatik, wanda ginin ƙwayoyinsa ba ya saurin komawa gawayi kuma yana jure hasken rana. Akwai ma nau'insa da ruwa ke tsayawa a kai ɗigo-ɗigo maimakon ya shimfiɗu. Robar silikon ta fi shi wannan hali, har takan ratsa dattin da ya kwanta a kanta ta sa shi ma ya ƙi ruwa, amma ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi ita kaɗai, riga ce da ake sa wa sandar zaren gilashi. Gwajin da ke bambance su shi ne na IEC 60587, inda ake jingine samfuri a karkace, ana ɗiga masa gurɓataccen ruwa a ƙarƙashin wutar da ta kai kilobolt 4.5 har awa 6. Na ga an kafa taransifomar awo ta cikin ɗaki a waje, an yi mata 'yar rumfar kwano, saboda ta fi araha. Araha kuwa ba ta ado.

Foliyuritan, ƙaron da ke zuwa a leda mai gida biyu don haɗa kebul na ƙarƙashin ƙasa, ba sa'an waɗannan ba ne kuma ba a yi shi don ya zama ba. Yana da laushi, ba ya tsagewa da wuri, ba ya zafi sosai wajen daskarewa, ya dace da kebul na bolt 415. Juriyar zafinsa ba ta cika wuce ajin E ko B ba, kuma yana da mugun hali guda: idan ya haɗu da laima kafin ya daskare, sai ya fitar da iska ya yi kumfa kamar ƙullin ƙosai. Wanda ya zuba shi a rami mai danshi a watan Agusta ya ƙera ramukan tartsatsi da hannunsa. Akwai kuma busassun taransifomomin da ba zubi ba ne, ana tsoma naɗinsu ne a fenti mai kariya. Suna da sauƙin kuɗi kuma wasunsu suna jure zafi fiye da H, amma ƙura da laima suna isa kusa da wayarsu, don haka sai wuri mai tsabta sosai.

Takarda ta uku, ta taransifomar mai, ita ce na fi daɗewa a kanta da dattijon, domin ba na son a ɗauka sabon abu ya kori tsoho. Mai yana da wata baiwa da babu ƙaron da ke da ita: ruwa ne, yana cike kowane lungu, kuma idan ƙaramin tartsatsi ya ratsa shi sai ya rufe wurin ya koma yadda yake. Ana iya ɗibar samfurinsa a gwada a tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, inda ake sa ran sabon mai ya tare aƙalla kilobolt 30 kafin tacewa, 70 kuma bayan an tace. Idan ya sha ruwa a tace shi, idan naɗi ya ƙone akwai masu sake naɗi a cikin garin nan. Naɗin zubi kuwa idan ya buga ya tafi ke nan, sai an yi odar wani daga masana'antar da ta ƙera shi, a jira jirgin ruwa, a biya da dala. Taransifomar mai ta fi araha, tana zama a rana da ruwa ba keji ba ɗaki, kuma ba ta damu da hunturu ba in ban da kawunan insuletocinta. Laifinta shi ne gobara, domin tururin man yana kamawa a wajen digiri 140, kuma ganguna da yawa ne a tanki ɗaya, saboda haka tana buƙatar ramin tare mai da tazara ko katanga tsakaninta da gini. Ga kuma ɓarayin mai da jan ƙarfe, waɗanda kowace unguwa ta san labarinsu. Akwai tsaka-tsaki, wato man esta, wanda sai ya haura digiri 300 yake ci da wuta, sai dai yana da tsada kuma samunsa don ciko ba kamar na gama-gari ba ne. Hukuncina shi ne, wanda ke da fili a harabarsa, nesa da inda mutane ke kwana, ya sayi ta mai ya yi mata shinge mai kyau. Wanda dole na'urarsa ta zauna a cikin gini, ƙarƙashin ɗakunan marasa lafiya ko baƙi, shi ne mai buƙatar ƙaron zubi.

Ga mai ɗaukar wuta kai tsaye daga layin 33, kamar yadda masana'antu da yawa ke yi don samun wuta mai ɗorewa, sai an ƙara tsanantawa. Matsin da ke kan ƙaron ya ninka uku, zubin ya fi kauri, kuskure kaɗan ya fi saurin bayyana, kuma wannan mataki yana kusa da iyakar inda aka saba amfani da naɗin zubi. Ƙa'ida ta ba da matakai biyu na jure bugun tsawa: kilobolt 60 ko 75 ga kayan layin 11, sai 145 ko 170 ga na layin 33. Layukanmu a sama suke, kuma kowa ya san irin tsawar da ke raka hadarin farkon damina da na ƙarshenta a Kaduna, saboda haka babbar lambar ita ce tamu, tare da makarin tsawa, wato abin da ke karkatar da bugun tsawa zuwa ƙasa, a dab da bakin na'urar, ba can a kan fal kaɗai ba, da kuma ramin da ake binne wayar ƙasa, wanda aka auna turjiyarsa da rani lokacin da ƙasa ta bushe. NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya, ita ce ke da alhakin duba irin wannan aiki kafin a haɗa shi da layi, kuma gara a shirya takardun gwaji tun kafin jami'anta su zo.

Da muka zagaya ginin na Barnawa, sai na tarar ɗakin da aka ware wa taransifomar yana ƙasan ɓangaren haihuwa, da taga ɗaya ƙarama a sama, babu mashigar iska a ƙasa. Na'urar kVA 1000 tana zubar da zafin kilowat 10 zuwa 12 idan ta ɗauki cikakken lodi, kamar a kunna dutsen guga goma sha biyu a rufe ƙofa, kuma babu harafin da zai cece ta a irin wannan ɗaki. Matsayin ɗakin ya fitar da ta mai daga zaɓi, tunda harabar ba ta da fili. Muka rubuta wa dillalan biyu muna neman iyakar hawan zafi, ajin E2 da C2 da F1, matakin tsawa na 75, ma'aunan zafi a cikin kowane naɗi masu ƙararrawa da yanke wuta, da takardar gwajin ɓoyayyen tartsatsi mai lambar jikin na'urar. Mai F ya kawo nasa cikin mako guda, lambobin suka dace da farantin. Mai H ya aiko da takardar wata na'ura dabam mai kVA 1600, ya ce ai duk masana'anta ɗaya ce. Dattijon ya ɗauki F, rarar kuɗin kuma ta tafi wajen makarin tsawa, fanka mai jan iska, hita, da magina biyu da suka fasa bangon arewa suka buɗe mashigar iska a ƙasa, aka sa mata raga da matatar ƙura da za a riƙa cirewa ana wankewa duk ƙarshen wata a lokacin hunturu.